Gaisuwar Kawu da Haƙorin Inna

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, muka dawo gidansa na unguwar Hammadu Kafi muka zauna karɓar gaisuwa, na ga abin da ban taɓa gani a zaman makoki ba. Mutum zai shigo rumfa ya tsuguna, ya yi addu'a mai kyau, a shafa, sannan ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Malam, don Allah akwai hoton marigayin? An ce shi ya yi mini aiki, amma ni wallahi ban tuna fuskarsa ba."

Da farko haushi na ji. Ka zo ta'aziyyar mutum, ka ce ba ka san fuskarsa ba? Da abin ya yi yawa kuma sai dariya ta fara cin ƙarfina, na riƙa rufe baki da hannun riga don kada a ce ɗan yayar mamaci ba shi da hankali.

Wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu fita, ya karɓi wayata ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Ashe wannan ne. Ni abin da na sani, na zauna a kujera a tsorace, wani ya gaishe ni da yarenmu ya ce mini 'kedu', na amsa. Sai kawai na gan ni a gida, madam tana ba ni shayi, haƙori babu. Ita ta ce dole in zo. Ta ce da aka kira ta ɗakin ta tarar tsohon nan ya riƙe hannuna kamar ɗan cikinsa." Ya mayar mini da wayar yana share ido.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ne autan ɗakinsu. Ma'aikacin jinya ne da ya ƙware a allurar barci, kuma yawancin aikinsa a sashen haƙori ya yi shi. Ba shi yake cire haƙori ba, wannan aikin likita ne. Shi nasa, idan aka kawo wanda tsoro ya hana shi buɗe baki, ko wanda aikin bakinsa zai ɗauki lokaci, sai ya nemi jijiya a bayan hannu ya tura magani a hankali har jikin mutum ya saki. Maganin kuwa yana tafiya da tunanin abin da ya faru. Shi ya sa mutanen da ya fi yi wa alheri su ne ba su san shi ba. Yakan faɗi haka da kansa yana dariya, ya ce ya sha gaishe da mutum a kasuwa, mutumin ya amsa masa a daƙile yana tsammanin roƙo zai yi.

A cikin gida kuma wani zancen ake. Inna, mahaifiyata, tana zaune a kan tabarma kuncinta na hagu ya kumbura suntum. Mata suna shiga suna cewa, "Allah sarki, dubi yadda kuka ya kumbura mata fuska." Wata tsohuwa da ba ta iya ɓoye magana ta ce, "To amma kukan gefe guda take yi?" Gaskiyar magana Inna ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba, Bafulatana ce ta gidi. Haƙori ne, wani na can ciki da ya yi kogo tun ina saurayi. Kuma Inna tana da ciwon suga, wanda likitoci suka ce ba a wasa da ƙurji a jikin mai shi. Kawu ya yi shekaru yana binta a cire haƙorin nan tana ƙi. Sai da ta yarda, aka sa rana, ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Kawu mutum ne gajere, mai sanƙo, mai tafiya kamar ana jiransa a wani wuri. Amma in ya tsaya gaisuwa, to ka nemi wurin zama. Zai tambaye ka kwana, ya tambaye ka gajiya, gida, iyali, aiki, zafi, ya koma kan gona, ya tambayi maƙwabcinka da ba ku shiri. Muna yara mukan ɓuya idan mun hango shi, don in ya kama ka, aiken da aka yi maka ya lalace. Sai da na girma na gane cewa gaisuwar nan kayan aikinsa ce.

Ya taɓa yi mini bayani muna cin rake a ƙofar gidansa. Ya ce allurar da yake yi ba ta barcin tiyata ba ce wadda mutum yake tafiya gaba ɗaya. Ana so mutum ya tsaya a tsakiya, bai farka ba, bai kuma nutse ba. In maganin ya yi kaɗan, zai ciji likita. In ya yi yawa, numfashi zai iya tsayawa. "To yaya zan san inda yake?" in ji shi. "Sai in gaishe shi. Ko mahaukaci a ƙasar nan yana amsa gaisuwa. Muddin yana amsa mini, na san yana tare da ni." Idan amsa ta fara jan ƙafa, sai ya tsayar da sirinji. Idan likita ya sa hannu a baki magana ta gagara, sai Kawu ya riƙe ɗaya hannun mutumin ya ci gaba da gaisuwa, shi kuma ya riƙa matsa masa yatsu a madadin "lafiya lau". Saboda haka ne ya koyi gaisuwa da Fulatanci da Tangale da Tera da Waja da Barbarci, har da na Ibo. Bayan gaisuwar ba ya jin komai a yawancinsu. Ya ce mutum in magani ya kama shi, harshen uwarsa yake komawa.

Magungunan ma bai bar su da sunayensu na Turawa ba. Wanda ya fara aiki da shi, dayazifam, Tsohuwa yake ce masa, wai tana da zafin shiga jijiya, kuma in ta zo baƙunci ba ta san tafiya ba: mutum zai wuni yana layi kamar ya sha wani abu. Ketamin kuwa Mai Aljanu ne, don masu farkawa daga shi sukan ga abin da ba kowa ke gani ba. Ya ba mu labarin wani mahauci da ya farka yana roƙon a kori shanun da suka cika ɗakin, yana kiran kowace da launinta. Da aka fara samun midazolam sai Kawu ya ce ya yi sabon aboki, ya sa masa suna Mantau. Ba ya ƙona jijiya, ba ya daɗewa a jiki, kuma mutum zai tashi yana tambaya yaushe za a fara, alhali auduga tana bakinsa. Wannan ya fi so har ya bar aiki. Na baya-bayan nan, farin nan mai kama da madara, Kindirmo yake kiransa, yana yi masa kallon da ake yi wa sabon direba mai gudu. Ya ce yana da kyau, mutum yana farkawa garau, amma ba a ɗauke ido daga kansa ko na ƙiftawa.

A kan wannan suka yi rigima da 'yarsa, taubashiyata, wadda ta gaji aikinsa take yi a wani asibitin kuɗi a cikin gari. Ina wurin, ranar wata Juma'a bayan an ci abinci. Ta ce yanzu akwai 'yar na'urar da ake maƙala wa mutum a yatsa, tana nuna iskar da ke cikin jini da bugun zuciya, tana ƙara in abu ya taɓu. Ta ce, "Baba, wannan gaisuwar taka ta zamanin da ce. Ni ina kallon monita, ba ni da lokacin tambayar mutum akuyarsa."

Kawu ya ajiye cokali. "Na'urar taki tana sanin mutum yana jin tsoro?"

"Tana nuna zuciyarsa tana gudu."

"To in ta nuna sai ta yi masa me?"

"Sai in ƙara magani."

"Ka ji ko!" Ya juyo gare ni kamar ni ne alƙali. "Abin da 'ina gajiya' za ta gyara, ita magani za ta ƙara."

Ta ce ai shi ma kunnensa ya fara nauyi, wata rana mutum zai ce "zan mutu" ya ji "lafiya lau". Na yi dariya har na ƙware, Kawu ya kore mu mu duka biyun daga ɗakin. Amma ba mai taurin kai ba ne a kan abin da ya shafi rai. Bayan ya yi ritaya ana kiransa taimako a asibitin da take, kuma da bakinsa ya gaya mini cewa rannan na'urar ta yi ƙara tun shi bai lura da komai ba, suka gyara wa mutumin wuya suka sa masa iska. Tun daga ranar, in ya shiga ɗakin aiki sai ya gaishe da na'urar kafin ya gaishe da likita, wai abokiyar aiki ce. Gaisuwar marasa lafiya kuma bai rage ko ɗaya ba.

Abin da ba ya wasa da shi kuwa shi ne abin da mutane suke faɗa in magani ya kama su. Wasu suna surutu. Wani ya yi waƙa, wani ya kira sunan da bai kamata ya kira ba, wani ya yi kukan uwarsa da ta rasu tun yana goye. Dokar Kawu ita ce ɗan rakiya ya tsaya a waje, kuma nesa da ƙofa. Wani attajirin hatsi daga Bagadaza ya taɓa kawo ɗansa, saurayi da gemunsa, ya ja Kawu gefe ya ce, "Likita, in ya fara layi ka tambayar mini shi ko yana shan sigari." Kawu ya ce, "Alhaji, ka tambaye shi a gida idonsa biyu. Nan wurin cire haƙori ne." Alhajin ya ce ai ɗansa ne, shi ya haife shi. Kawu ya ce ƙwarai, amma a kan kujerar nan amanarsa ce. Suka ɗaga murya har likita ya leƙo. Alhajin ya yi fushi ya daina amsa sallamarsa, har sai da nasa haƙorin ya tashi, ya zo da kansa riƙe da kunci. Kafin a sa masa allura ya kama rigar Kawu ya ce, "Dokar nan taka tana nan dai ko?" Shi ne ya aiko da buhun gero ranar sadakar ukun Kawu.

Duk wanda ya farka ya tambayi Kawu, "Me na ce?" amsa guda yake samu: "Gaisuwa kawai ka amsa." Matarsa ta ce shekarun da suka yi tare ba ta taɓa jin ya kawo sirrin wani gida ba. Labarin mahauci da shanu ma, mahaucin ne ya fara bayarwa a mahauta, don ihun da ya yi har waje an ji.

Duk wannan Inna ta sani, amma ba ta yarda ba. Ba zafin take tsoro ba, matar da ta haife mu a gida ba ta ce uffan ba. Bakinta take tsoro. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa faɗin na mahaifinmu ba har ya bar duniya. Kawu yakan zo gidanmu a Manawashi ya same ta ta cusa kanumfari a kogon haƙori tana tauna goro da gefe guda, ya ce, "Adda, ki bari in kwantar da ke a cire wannan abin."

Ta ce, "Ni na goya ka, Auta. Na san ranar da ka daina fitsarin kwance. Kai ne za ka zauna kana sauraron abin da zai fito daga bakina ban sani ba?"

"Ba za ki ce komai ba sai lafiya lau."

"In na kama sunan mutane fa?"

"Sai in toshe kunne."

"Likitan fa?"

"Bayarabe ne, ba ya jin Fulatanci."

"Tashi ka ba ni wuri."

Haka suka yi ta yi, shekara da shekaru. Ciwon ya tashi ta sha magani ya kwanta, ya zo ya yi magiya ta kore shi da muciya. A bana ne abin ya ƙi kwanciya. Ya zo ya duba bakinta, na ga fuskarsa ta canza, bai yi wasa ba ranar. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ya ce, "Adda, ke kaɗai kika rage mini. In ƙurjin nan ya gangara wuya, ba ni da abin da zan iya yi miki." Ta dube shi ta ce, "Kai za ka riƙe hannuna?" Ya ce shi. Ta ce to a sa rana. Aka ba ta maganin da zai rage kumburin tukuna. Kafin ta gama shanye shi zazzaɓi ya kwantar da Kawu, wata safiya bayan sallah Mai shi ya karɓi abinsa.

Da aka tashi daga zaman makoki Inna ta ce maganar haƙori ta mutu. Wanda ta yi alkawari da shi ya tafi, haƙorin kuma tare za a binne su. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo limamin unguwa, duk a banza. Kumburin ya dawo ya fi na da, ta koma ba ta iya shan komai sai kunu. Ba na ɓoyewa, tsoro ya kama ni ƙwarai. Na ga kamar rumfar da muka kwance a Hammadu Kafi za mu sake kafa ta a Manawashi.

Sai ga taubashiyata ta zo da rana tsaka, da kayan aikinta a jiki. Ba ta ko tsokane ni ba, abin da ba ta taɓa fasawa ba. Ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Goggo, akwai abin da Baba bai gaya miki ba. Hannunsa ya fara rawa, ya daina neman jijiya da kansa. Da ma ni ya ce in yi miki allurar. Shi zama kawai zai yi ya gaishe ki."

Inna ta dube ta da ido ɗaya, don ɗayan ya kusa rufewa. "Ashe yaudarata ya yi niyya, ja'irin."

"Haka ne, Goggo."

"To yanzu wa zai gaishe ni? Ke da kika ce akwatinki ya ishe ki?" Ashe labarin rigimar ya kai mata.

"Ni zan yi."

"Kin iya? Yi in ji."

Taubashiyata, babbar ma'aikaciya da ake tashi tsaye in ta shigo, ta gyara durƙuso ta fara gaisuwar da Fulatanci: "A wali jam, Goggo?" Ta bi kwana, ta bi gajiya, gida, jikoki, zafi, kajin Inna, maƙwabciyar da suke gaba a kan magudanar ruwa. Yadda take jan ƙarshen kowace tambaya, da ɗan karkatar da kai, wallahi in ka rufe ido ka ce shi ne. Ashe duk shekarun da take yi masa tsiya tana haddacewa. Inna ta amsa har ƙarshe, sannan ta ce, "Kin tsallake gona. Amma ba laifi."

Aka sake ba ta magani, aka daidaita sugan, kumburi ya sauka. Ranar da aka sa muka tafi a keke da hantsi, ba ta ci komai ba kamar yadda aka umarta, tana ta mita wai an sa ta azumin da ba lada. Na raka ta har bakin kujera. Taubashiyata ta maƙala mata na'urar a yatsa, ta nuna mata sirinjin ta ce, "Mantau ne, Goggo, abokin Baba. Kaɗan-kaɗan zan sa miki saboda shekaru." Sannan ta dube ni ta nuna mini ƙofa.

Na fita na tsaya. Ina jin muryarta tana gaisuwa, Inna tana amsawa, na'ura tana 'yar ƙararta. Amsar ta fara jan ƙafa. Sai na ji Inna ta ce, da wata murya mai taushi da ban san tana da ita ba, "Auta, ka zo?" Ban tsaya jin saura ba. Na san dokar. Na tafi can ƙarshen baranda na zauna kusa da wata mata mai goyo, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Da aka kira ni, Inna tana kishingiɗe da auduga a baki, haƙorin yana cikin ɗan faranti, baƙi ƙirin, ƙarami, ka ce ba shi ne ya hana gida barci shekaru ba. Idanun taubashiyata sun yi ja, hannunta kuma har lokacin yana cikin na Inna. Inna ta buɗe ido ta dube mu ta ce yaushe za a fara. Muka nuna mata farantin. Ta kalle shi, ta kalli 'yar ƙaninta, ta tambaya ta cikin auduga, "Me na ce?"

"Gaisuwa kawai kika amsa, Goggo."

Har yau ban tambayi taubashiyata abin da ta ji ba, kuma na san ko na tambaya zagi zan sha.

A hanyar komawa Manawashi maganin bai gama sakin Inna ba. Ta jingina kanta a kafaɗata, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife ni, tana juya hannunta tana kallon inda aka sa filasta. Ta ce, "Na faɗa muku yaron nan yana da sauƙin hannu." Ban gyara mata ba. Yanzu ta warke sarai, tana tauna goro da gefe biyu, kuma ta rantse ba ta tuna komai na ranar ba.

Na rubuta wannan ne saboda mutanen da suka zo neman hoto, da waɗanda ba su ma san akwai wanda za su nema ba. In an taɓa kwantar da kai a kujerar haƙori a garin nan ka tashi ba ka san abin da ya faru ba, wataƙila wani gajeren tsoho mai sanƙo ne ya zauna kusa da kai yana tambayarka gida da iyali, yana jiran ka matsa masa hannu. Ka sa shi a addu'a ko ba ka tuna shi ba.

Kawu, ka yi rayuwarka kana tambayar masu barci kana jiran amsarsu. Yanzu kai ne a kwance, kai za a tambaya. Allah ya daidaita harshenka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa na bayinsa, ya sa in an tashe ka ka ji an ce maka lafiya lau.